Takardar jauro da titir fonsiye: me mai sayen fili yake saya a arewacin Kamaru?

A Garwa, Marwa ko Ngaundere za ka tarar da filaye biyu a layi ɗaya, girmansu ɗaya, amma farashinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Ƙasar ɗaya ce, takardun ne suka bambanta. Na farko yana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili da hukuma ke bayarwa bayan rajista, na biyu kuwa takardar ciniki ce kawai mai hatimin jauro, wato mai unguwa ko dagaci, da sa hannun shaidu. Mai kuɗin da ke son gina ɗakunan haya na ɗalibai a Dang ko Kongola, unguwannin jami'o'in Ngaundere da Marwa, ko shaguna a bakin hanyar Garwa, yakan karkata ga na biyun saboda arha. Ba lallai ne ya yi asara ba. Amma a idon dokar Kamaru ba fili ya saya ba, kuma duk lissafin ribarsa ya kamata ya fara daga nan.

Tushen maganar shi ne dokoki na ranar 6 ga Yuli 1974, musamman mai lamba 74-1. Ita ta raba ƙasar Kamaru. Akwai filin da aka yi wa rajista da sunan wani, mutum ne ko kamfani ko gwamnati. Akwai filin jama'a, kamar hanyoyi, koguna da fadamu, wanda dokar 74-2 ta ce ba a sayarwa, kuma daɗewa a kansa ba ya mallaka wa kowa. Duk abin da ya rage shi ne domen nasiyonal, ƙasar da gwamnati ke riƙe da amanarta. Gonakin gado, unguwannin da suka tashi ba da awo ba, makiyaya, karal ɗin, wato ƙasar laka, da ake dasa muskuwari (dawar rani) a Diyamare, mafi yawansu a wannan rukuni na ƙarshe suke, ko da kakan kakan mutum ne ya sare dajin.

Sashe na 8 na dokar 74-1 ya faɗi abu biyu ba kwana-kwana. Duk cinikin da zai sauya mallakar fili ko gida dole a gaban noter, jami'in da doka ta ba ikon rubuta ciniki da tabbatar da shi, za a yi shi, in ba haka ba ɓatacce ne. Sayarwa ko ba da hayar filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwar ba shi ma ɓatacce ne, har da tarar sefa 25,000 zuwa 100,000 da ɗaurin kwana 15 zuwa shekara 3. Kowa ya san ba a cika gidan yari da masu irin wannan ciniki ba; da an yi, da rabin gari yana ciki. Sai dai rashin kama mutane bai gyara cinikin ba. Ranar da rigima ta kai gaban alƙali, takardar jauro ba ta zama hujjar mallaka. Abin da take iya yi shi ne ta nuna cewa kuɗi sun fita daga hannunka zuwa hannun wane, ranar kaza, da kuma lokacin da ka shiga filin. Wannan yana da amfani wajen neman a mayar maka da kuɗinka, kuma yana da nauyi a fadar lamiɗo idan sulhu ake nema. Ba ya hana wani ya zo da titir ya tashe ka.

Lamiɗo, lawan da jauro suna da matsayi a doka tun dokar sarautun gargajiya ta 1977, amma matsayin mataimakan hukuma ne. Ba a ba su ikon sayar da domen nasiyonal ba. Ƙarfinsu na gaske yana wani wuri, a cikin kwamitin da ke zuwa duba fili kafin a ba da titir, inda sarkin wurin da dattawa biyu ke da kujera. Saboda haka wanda ya raina jauro ya yi wauta, wanda kuma ya ɗauki hatiminsa a matsayin ƙarshen magana ya fi shi wauta.

Yanzu ga inda fassarar doka take da wuya. Domen nasiyonal kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne filin da ake zaune a kai ko ake nomawa ko kiwo, da alamar hannun ɗan Adam a bayyane. Na biyu shi ne wanda babu kowa a kai. Doka ta ba ɗan Kamaru, ko dangi, da ke kan kashi na farko tun kafin 5 ga Agusta 1974 damar neman titir kai tsaye. Wannan rana ita ce ƙashin bayan komai. Wanda ya ba da kuɗi a 2015 aka nuna masa fili bai kasance a wurin ba a 1974, don haka a zahirin nassi ba shi da wannan dama. Haƙƙin na iyalin da suka riga shi ne, su da magadansu.

Mutane sun samo hanyar kewayewa: takardar da iyalin ke rubutawa cewa sun sauka daga haƙƙinsu na gargajiya sun bar wa wane. A da ofisoshi da dama suna karɓarta a cikin dosiye, wato fayil ɗin neman titir, titir da yawa kuma ta haka suka fito. Amma al'adar ofis ce ta haife ta, dokar 1974 ba ta san ta ba, kuma lauyan abokin gaba zai fara kai hari ne daidai nan, ya ce ciniki ne aka sa masa wata riga. Hanyar da ta fi tsabta ita ce iyalin su nemi titir da sunansu, mai saye ya ɗauki nauyin kuɗin awo da na takardu a cire daga farashi, sannan idan titir ya fito a je gaban noter a yi ciniki na gaskiya. Haɗarinta a fili yake: ranar da titir ya fito darajar filin ta tashi, mai sayarwa yana iya sauya ra'ayi, kuma yarjejeniyar da kuka yi tun filin ba shi da rajista ba ta da ƙarfin tilasta shi. Abin da ke kare mai saye a nan shi ne tsarin biya. Kaso kaɗan a farko, wani bayan an kafa duwatsun iyaka, mafi yawa sai ranar sa hannu a ofishin noter, kowane biya kuma da rasit da shaidu daga cikin magada.

Akwai wata matsala da ta fi damun arewa. Kwamitin yana neman alamar aiki da ta daɗe. A kudu gonar koko ko ta kwakwar manja tana ba da shaidar shekarunta da kanta. Gonar dawa, gero, gyaɗa ko auduga kuwa, da an yi girbi dabbobi sun bi ta kai, a watan Maris ba ka bambanta ta da fako. Shi ya sa tsohuwar rijiya, ganuwar ƙasa, kushewa, manyan itatuwan mangwaro ko darbejiya, da maganar maƙwabta tsofaffi suke da nauyi a nan. Shi ya sa kuma ake yawan rikici kan gonar aro. Wanda aka ara wa gona shekara talatin da suka wuce shi ake gani a ciki, 'ya'yansa sun taso suna ɗauka tasu ce, jikokin mai gonar kuma suna Yawunde ko Duwala ba su sani ba sai sun ji an kafa duwatsu. Jingina ma haka take. Kafin ka ba da ko sisi, tambayar da za ka yi wa tsofaffin unguwa ita ce wa ya sare wurin, ba wa ke nomawa ba.

Matakan neman titir suna cikin dokar 76-165 ta 27 ga Afrilu 1976, wadda aka yi wa babban gyara ranar 16 ga Disamba 2005. Gyaran ya sauko da aikin daga Yawunde zuwa jihohi da departama, wato gundumomin da ke cikin jiha, har kowace departama ta samu mai ajiyar littafin filaye: Binuwai a Garwa, Diyamare a Marwa, Vina a Ngaundere, Logon-da-Shari a Kuseri. Ana shigar da buƙata a ofishin sufurefe, wato wakilin gwamnati a ƙaramar gunduma, ya ba da rasit. Kwamitin da shi ke jagoranta ya sauka a filin, ya tabbatar da zama ko noma, mai awo na kadastar, wato ofishin awon filaye na gwamnati, ya kafa duwatsu a gaban maƙwabta, a rubuta rahoto kowa ya sa hannu. Daga nan a buga sanarwa a mujallar filaye ta jiha, a jira kwana 30 ko wani zai yi ƙorafi. In babu, mai ajiyar littafi ya rubuta titir ya ba ka kwafinka. A takarda abin 'yan watanni ne, a aikace yakan ɗauki shekaru. Inda ake yawan tafka ɓarna shi ne ranar kafa duwatsu. Ana yin ta da gaggawa, maƙwabcin gabas ba ya nan, wani yaro ya sa hannu a madadinsa, ko a haɗe burtalin shanu a cikin awo. Duk wannan yana kwance a dosiye, yana jiran ranar da wani zai tono shi.

Idan filin na kashi na biyu ne, ko aikin da ke kansa ya zo bayan 1974, hanyar da doka ta tanada ita ce konsesiyo. Kana gabatar da shirin abin da za ka yi, a ba ka filin na wucin gadi har zuwa shekara 5, in ka cika alƙawarin gini ko noma a mayar da shi na dindindin, daga nan titir. Ƙasa da hekta 50 minista ke sa hannu, sama da haka sai shugaban ƙasa. Masu son gonar shinkafa ko albasa a kwarin Binuwai su lura: wanda ya karɓi konsesiyo ya bar filin a kwance yana jiran farashi ya tashi, gwamnati tana da ikon karɓe kayanta.

To, a ce filin yana da titir. An gama ke nan? Doka ta ce titir tabbatacce ne, ba a taɓa shi, ba a kai masa hari. Wanda aka cuta ta hanyar yaudara wajen yin rajista, abin da ya rage masa shi ne ya nemi diyya daga wanda ya cuce shi. Amma sashen da ya faɗi haka shi ne kuma ya buɗe ƙofofi. Ministan filaye yana iya janye titir idan hukuma ta yi kuskure a matakan, ko mai titir ɗin ya yi zamba. Gyaran 2005 ya lissafa inda titir yake ɓatacce tun asali: wanda aka ba da ba tare da bin matakai ba, wanda ya hau filin jama'a, wanda ya hau filin gwamnati ba bisa ƙa'ida ba, da inda aka ba da titir fiye da ɗaya a fili ɗaya. Wannan na ƙarshen mutane da yawa suna fahimtarsa a karkace, suna cewa wanda ya riga shi ne mai fili. Nassin cewa ya yi duka a soke su, a sake duba dosiyoyin a gano mai gaskiya. Tsohon titir yakan yi nasara a ƙarshe idan dosiyensa lafiya yake, amma a tsakani ginin ka ya tsaya, banki kuma ba ya jira.

Don haka kwafin da mai sayarwa ya zaro daga aljihu ba ya wadatarwa, ko da na asali ne. Ka je ofishin ajiyar littafin filaye na departamar da filin yake, ka nemi sabuwar takardar shaidar mallaka a kan lambar titir ɗin. Ita za ta nuna sunan da ke littafi a yau, girman da ya rage bayan yanke-yanken da aka yi, da ko akwai jinginar banki ko alamar da kotu ta sa saboda shari'a. Noter ba ya karɓar wadda ta tsufa, kai ma kada ka karɓa. Bayan haka ka ɗauki mai awo da kuɗinka, ba na mai sayarwa ba, ya ɗauki taswirar da ke cikin titir ya nemo duwatsun a ƙasa. Ba sabon abu ba ne titir ya zama na gaskiya, filin da aka nuna maka kuma ya zama na maƙwabci, mita ɗari daga inda takardar take magana.

Yawancin abin da ake tallatawa da sunan fili mai titir yanki ne na babban titir. Mutum yana da hekta biyar, yana yanka mita 400 ko 500 yana sayarwa. Abin da kake buƙata a nan shi ne morselma: mai awo ya fitar da yankinka, noter ya rubuta ciniki, a biya harajin rajista, mai ajiyar littafi ya cire yankin daga uwar titir ya buɗe maka naka da sabuwar lamba. Kafin wannan ya kammala, a littafi filin na mai sayarwa ne. Zai iya jinginar da uwar titir gaba ɗaya, masu binsa bashi za su iya kamawa, in ya rasu kuma ya shiga cikin gado. Mutane da yawa suna tsayawa a takardar noter saboda gudun haraji, su yi gini, su zauna shekara goma. Suna kuma rage farashi a takarda don harajin ya sauka, alhali hukumar haraji tana da nata ƙiyasin farashin unguwa-unguwa da take lissafi da shi, kuma ranar da ciniki ya rushe abin da aka rubuta shi za a ce a mayar maka. Ka duba asalin uwar titir ɗin ma, domin idan ta faɗi, 'ya'yanta suna cikin haɗari.

Gado shi ne ramin da ya fi cin masu saye a garuruwanmu. Titir yana da sunan Alhaji, Alhaji ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya ashirin, babban ɗa ya zo da takardar yana cewa shi ne wakili. Malamai sun raba gado bisa shari'ar Musulunci, kowa ya san rabonsa, amma littafin filaye bai san an yi ba. Noter zai nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada, sannan a sauya sunan da ke titir zuwa nasu, sannan ko dai duka su sa hannu ko su ba da wakilci a rubuce ta hanyar da doka ta yarda. Wanda kotu ta naɗa mai kula da dukiyar gado aikinsa kulawa ne, naɗin bai ba shi ikon sayarwa shi kaɗai ba. 'Ya mace da ke aure a Mubi ko Njamena, da ƙaramin yaron da bai balaga ba lokacin cinikin, su ne waɗanda ke dawowa bayan shekaru, kuma doka tana bayansu.

Filin jama'a kuwa ko titir ba ya cetonsa. A wajen gari dokar 74-2 ta ware mita 40 kowane gefe daga tsakiyar babbar hanyar ƙasa, tana raguwa a cikin gari. Layin dogo mita 35 kowane gefe, abin da ya shafi Ngaundere. Kogin da jirgi ke bi mita 25 daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika. Wanda ya ga yadda Binuwai ya yi a 2012, ko yadda Logon ke shiga Yagwa da Kuseri, ya san inda ruwa ke kaiwa ba inda yake a watan Afrilu ba ne. A Marwa gaɓar mayo Kaliyawo da mayo Tsanaga tana cin ƙasa kowace damina. Takardar tsarin gari da ake karɓa a meri, wato ofishin magajin gari, bisa dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004, ita ke faɗa maka ko wurin na gini ne, ko an tsara hanya za ta bi ta ciki. Kuɗinta kaɗan ne, kuma kafin ciniki ake nemanta. Idan gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, mai titir ana biyansa kuɗin ƙasar da na abin da ke kanta, mai zaune a domen nasiyonal kuwa gini da shuka kawai ake ƙiyasta masa.

'Yan kasuwarmu da ke riƙe da takardun Najeriya, Nijar ko Chadi suna da ƙarin sharaɗi. Baƙo yana iya sayen fili mai titir, amma cinikin sai ya samu amincewar ministan filaye, in babu ita ɓatacce ne, kuma an hana shi a yankunan kan iyaka. Mai tunanin Kuseri, Fotokol ko Amcide ya fara da wannan tambayar. A domen nasiyonal baƙo ba ya kaiwa ga mallaka, haya mai dogon zango ake ba shi. Dabarar sa sunan aboki ko suruki ɗan ƙasa tana tafiya lafiya muddin yana raye kuna shiri. Ranar da ya rasu, magadansa ne masu gida a littafi.

Idan rigima ta tashi, kuskuren zaɓen kotu yana cin shekara. Rikicin ciniki, korar wanda ya shiga fili mai titir, neman diyya, na kotun shari'a ta yau da kullum ne, kuma dokar 80-22 ta 14 ga Yuli 1980 ta tanadi hukunci ga mai gini a filin wani ba izini, har da rushe ginin da kuɗinsa. Neman a soke titir kuwa ƙara ce a kan hukuma, tana zuwa kotun gudanarwa da ke babban birnin jiha. Kafin ka je can dole ka fara rubuta wa minista koke. In ya yi shiru wata 3 an ɗauka ya ƙi, daga nan kana da kwana 60 ka shigar da ƙara. Wanda ya tsallake koken, ko ya bar kwanakin suka wuce yana zaman sulhu a fada, za a kori ƙararsa ba tare da an duba gaskiyarsa ba.

Saura haya, inda ribar take fitowa. Wanda ya sayi gini mai shaguna ya sayi 'yan hayar da ke ciki. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ɗaya, wadda Kamaru da Chadi ke bi amma Najeriya ba ta ciki, ta ce hayar wurin sana'a ba ta ƙarewa don an sayar da gini, sabon mai gida yana hawa kan yarjejeniyar tsohon, rubutacciya ce ko ta baka. Ɗan hayar da ya yi shekara 2 yana sana'a a wurin bisa sharuɗɗa ya samu haƙƙin sabuntawa. In hayar mai wa'adi ce, shi zai nemi sabuntawa wata 3 kafin ta ƙare, mai gida kuma in bai ba da amsa ba har ya rage wata 1, an ɗauka ya yarda. In ba ta da wa'adi, sanarwar tashi wata 6 ce. Mai gidan da ya ƙi sabuntawa ba tare da babban laifin ɗan haya ba, ko shirin rushewa da sake gini da zai iya nunawa, zai biya diyyar tashi, wadda ake lissafawa da cinikin shagon, abin da ɗan hayar ya kashe, da matsayin wurin. A bakin babbar kasuwar Marwa ko ta Garwa wannan diyya tana iya cinye hayar shekaru.

Ko wanda ba ya biya ba a cire masa ƙofa ko a sa masa kwaɗo. Wusiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, ya kai masa gargaɗi a rubuce, a ba shi wata 1, sannan a je kotu. Kundin hukunta laifuka na 2016 ya ƙara wa masu gida makami a sashe na 322-1: ɗan hayar da ake bi wata 2, aka yi masa gargaɗi ya ƙara wata 1 bai biya ba bai tashi ba, yana fuskantar ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000. Sharaɗin shi ne yarjejeniyar hayar ta kasance an yi mata rajista a ofishin haraji, abin da mafi yawan masu gidajen haya a Garwa da Marwa suke gudu don kada hukumar haraji ta san nawa suke karɓa.